Tseren babur a kan ƙasa: gwanintar mahayi ce ke cin gasa, ko ƙarfin inji?

"Assalamu alaikum Malam. Ina yawan kallon tseren baburan nan na Amurka da ake yi a fili mai zagaye a kan ƙasa, wanda suke shan kwana babur a karkace, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Na lura shekara da shekaru baburin kamfanin Indian ne ya riƙa lashe kambun shekara. Muka yi gardama da abokina. Shi ya ce duk wanda aka ɗora a kan wannan babur zai ci, ni kuma na ce gwani gwani ne ko a kan me ya hau. Kai da kake cikin harkar, wa ya fi gaskiya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gardamar nan taku ta girme ku. Tun zamanin da ake wannan tsere da baburan da ba su da birki ko ɗaya ake tafka ta a bakin fili, kuma har gobe in aka tashi daga gasa za ka ji ta a bakin 'yan kallo da makanikai. In na fahimce ka, so kuke ku san rabon mutum da rabon ƙarfen da ya hau a cikin kofin da ya ɗaga. Abin da na tsaya a kai shi ne: babur ne ke tantance waɗanda za su shiga sahun gaba, mahayi kuma shi ke tantance wanda zai ci a cikin sahun. Abokinka ya zarce da ya ce "duk wanda aka ɗora", kai ma ka zarce da ka ce "ko a kan me ya hau". Amma kafin a gane dalili sai an gane ƙasar da ake tseren a kanta, don ita ce ke yanke hukunci a kan ku duka biyun.

Ƙasa ba ta karɓar duk abin da inji ya ba ta

Wasan da kake kallo shi Amurkawa ke kira flat track, kuma tun 1954 ake yin babbar gasarsa ta ƙasa baki ɗaya. Fili iri huɗu ne. Akwai mai zagayen mil ɗaya, wato kilomita 1.6, irin na Springfield a jihar Illinois da na Sacramento a Kalifoniya. Akwai mai rabin mil, irin na Lima a jihar Ohio. Akwai gajeren fili. Sai wanda ake kira TT, mai kwanar dama da tudun tsalle, wanda mafi shahararsa yake Peoria. Da yawa daga cikin manyan filayen asalinsu na sukuwar dawaki ne. A filayen zagaye ba a sa birkin gaba, kwana kullum ta hagu ce, mahayi kuma yana ɗaure takalmin ƙarfe a ƙafar hagu don ya riƙa gogar ƙasa da ita. A miƙaƙƙen sashen fili mai mil ɗaya gudun yakan wuce kilomita 220 a awa, sannan mutum ya jefa babur cikin kwana a karkace, zamewar tayoyin ita ce rabin birkinsa.

A kan kwalta taya tana kama hanya da kyau, saboda haka ƙarin ƙarfin inji yakan koma ƙarin gudu. A kan ƙasa akwai iyakar abin da taya za ta iya miƙa wa fili. Da zarar an wuce wannan iyaka, sai tayar baya ta yi ta juyawa tana watsa ƙasa a fuskar na baya, inji yana ihu, babur bai ƙara gaba ba. Wannan iyaka kuma ba a tsaye take ba. Da rana motar ruwa ta jiƙa fili, ƙasa tana da danshi, taya na kamawa. Kafin dare rana da iska sun busar da ita, tayoyi sun shafe wani siririn layi da roba har ya yi baƙi yana ƙyalli. Wanda ya zauna a kan layin nan yana da kamu, wanda ya kauce masa da taku ɗaya sai ya ji kamar ya hau tsakuwa a kan siminti. A Lima kuwa ƙasar ƙananan tsakuwa ce mai zurfi, a can sama kusa da shinge ake neman kamu, totur a buɗe. Babur ɗaya, mutum ɗaya, amma aikin da ake nema daga gare su ya bambanta daga fili zuwa fili, daga awa zuwa awa.

Babu labarin da ya fi bayyana wannan kamar na Kenny Roberts a 1975. Roberts ya ci kambu a 1973 da 1974 a kan Yamaha mai silinda biyu, amma zuwa 1975 Harley-Davidson XR750 ta fi ƙarfin wannan Yamaha ɗin. Sai aka ɗauko injin TZ750 mai silinda huɗu, wanda aka ƙera don tseren kwalta, aka dasa shi a jikin baburin ƙasa. Ƙarfinsa ya zarce na Harley nesa ba kusa ba, har sai da makanikinsa Kel Carruthers ya sa masa maɓallin kashe silinda ɗaya don ya rage masa haukan. A filin Indianapolis mai mil ɗaya Roberts ya taso daga baya, ya riƙa bin can gefen shinge yana neman inda taya za ta kama, ya zo ya wuce Corky Keener da Jay Springsteen daf da layin ƙarshe. Da ya sauka ya ce kuɗin da ake biyansa bai kai ya hau wannan abu ba. Abokinka zai ce ka gani, inji ne ya ci. Amma wannan babur bai sake cin wata babbar gasa ba kafin hukumar wasan ta haramta shi, kambun shekarar kuma Gary Scott ne ya ɗauka a kan Harley. Inji mafi ƙarfi a fili sau ɗaya ya ci, shi ma sai da ya samu hannun mutumin da daga baya ya zama zakaran duniya a tseren kwalta sau uku a jere, daga 1978 zuwa 1980.

Inda abokinka ya fi ka gaskiya

Kada ka ɗauka ina cewa babur ba komai ba ne. Babur mai kyau a wannan wasa shi ne wanda yake sauke ƙarfinsa ƙasa a hankali, ba tare da fisga ba, ta yadda mahayi zai iya buɗe totur tun yana tsakiyar kwana. Sirrin XR750 ke nan tun daga 1972 da aka sake mata kawunan silinda na alminiyam: nauyin ƙarfen da ke juyawa a cikin injinta da yadda silindojin biyu ke bugawa suna ba tayar baya ɗan sarari ta sake kama ƙasa tsakanin bugu da bugu. Shi ya sa ta kwashe mafi yawan kambuna na sama da shekara talatin.

Da Honda ta zo da RS750, mai bawul huɗu a kowace silinda, sai ta ci kambu huɗu a jere: Ricky Graham a 1984, Bubba Shobert daga 1985 zuwa 1987. Me hukuma ta yi? Ta kafa dokar ƙuntata maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji, ba a daɗe ba Honda ta janye tawagarta. Haka aka sake yi wa Indian FTR750, inji ne da aka zana shi daga tushe don wannan wasa kaɗai. A 2017 ya ci gasa 14 cikin 18, a 2018 ya ci 17 cikin 18, ya riƙe kambu shekara takwas ba yankewa har 2024. An ƙuntata masa iska, an ƙayyade masa juyin inji, daga ƙarshe aka ce daga 2025 sai injin da aka samo daga baburin kasuwa. Hukuma ba ta taɓa kafa dokar rage wa wani mahayi gwaninta ba. In ka ga ana ta sake dokar inji, to masu wasan da kansu sun yarda ƙarfe na iya rinjayar gasa.

Ga kuma hujjar da ta fi kowace nauyi a ɓangaren abokinka. A 2017 ɗin nan Harley ta shiga gasa da sabon baburinta XG750R, ta ɗora Kenny Coolbeth, wanda ya ci kambu sau uku, da Jake Johnson, wanda ya ci sau biyu. Shekarar ta ƙare tawagar ba ta ci gasa ko ɗaya ba. Mutanen nan ba mantawa suka yi da tuƙi ba. Baburin ne a lokacin bai iya sauke ƙarfinsa ƙasa yadda na Indian ke yi ba, gwanintarsu kuma ba ta isa ta cike giɓin ba. To ka ga "ko a kan me ya hau" ta faɗi a nan.

Inda kai ka fi shi

Yanzu tambayi abokinka: su wa Indian ta ɗauka a 2017? Jared Mees, Brad Baker da Bryan Smith. Duk kambunan da aka ci daga 2012 zuwa 2016 a hannun mutanen nan uku suke: Mees 2012 da 2014 da 2015, Baker 2013, Smith 2016. Kamfani ya kashe maƙudan kuɗi ya ƙera babur mafi kyau, amma bai yarda ya ɗora "duk wanda aka samu" ba, sai da ya kwashe zakarun gaba ɗaya. Wannan shi ke rikita lissafi a kowane irin tsere. Doki mai kyau ba a ba wa ɗan koyo linzaminsa ranar sukuwa, gwanin mahayi ake nema masa, sai ya zamana in sun ci ba ka iya raba na doki da na mahayi.

Sai dai a nan mun yi sa'a, don Indian ta sayar da FTR750 ga duk mai kusan dala 50,000. Cikin ɗan lokaci sahun gaba ya cika da shi, masu tawagar kamfani da masu cin gashin kansu. Wasu sun ci gasa ɗaiɗai da shi, kamar Jeffrey Carver da ya ci Springfield a 2018. Amma kambun shekara takwas ɗin nan mutum biyu kacal suka raba shi: Mees shida, Briar Bauman biyu, a 2019 da 2020. In da babur ne kaɗai ke ci, da kambun ya zagaya hannuwa da yawa. Mees kuma kafin ya hau Indian ya riga ya ci kambu huɗu a kan Harley, ya yi ritaya da goma. Haka zamanin da kusan kowa XR750 yake hawa, Scott Parker ya ci kambu tara da gasa 94, Chris Carr ya ci kambu bakwai. Idan kayan aiki suka zo kusa da juna, sunaye kaɗan ne ke ta maimaituwa a sama.

Wanda ya fi burge ni a wannan fanni shi ne Henry Wiles. Ya ci Peoria sau 14 a jere. Ya ci da babur mai silinda ɗaya, da aka koma mai silinda biyu ya sake ci, a 2017 da 2018 da Indian ke cin karenta ba babbaka ma bai saki filin ba. Peoria fili ne na tsalle da birki da juya babur dama da hagu, inda jiki da ido ke aiki fiye da inji, shi kuma ya san filin kamar tafin hannunsa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya kamata ku sa a gardamarku: wane fili ake magana? A gajeren fili da TT miƙaƙƙen sashe bai da tsawon da babban inji zai nuna kansa, tashi daga layi da wayon kwana su ne kusan komai. A fili mai mil ɗaya kuwa inji yana da baki. Bryan Smith ya ci kambun 2016 a kan Kawasaki da Ricky Howerton ya haɗa masa, siririn babur mai tsaga iska, kuma a manyan filayen nan ya fi yin ɓarna. Amma ko a can akwai aikin kai. Wanda ke gaba shi ke fasa iska, na bayansa yana fakewa a inuwarsa yana tara gudu, sai ya fito ya wuce. Saboda haka sau da yawa wanda ya fito daga kwanar ƙarshe a gaba ba shi ke ci ba. Gwani tun ana saura zagaye da yawa yake gwada inda zai fito ya ga ko zai riga abokin karawarsa isa layi, ya ajiye lissafin a ransa. Girman jiki ma yana shiga. Shayna Texter, wadda ta ci gasa da dama a ajin masu silinda ɗaya, ƙanƙantar jikinta ta riƙa taimaka mata ta lafe a kan tanki a manyan filaye, amma a TT ta fi shan wuya. To wannan na mahayi ne ko na babur? Na haɗuwarsu ne.

Mutum na uku da ba ku ambata ba

Aikina makanikanci ne, kuma a ƙananan gasannin garuruwa na yi yawancin hidimata, da baburan 450cc masu silinda ɗaya waɗanda ake sauya su daga baburan tsallen ƙasa a rage musu tsayi a sa musu taya mai inci 19. Daga inda nake tsaye, gardamar mahayi da inji ta manta da wanda ke durƙushe tsakaninsu. Bill Werner ya haɗa baburan da suka ci kambu 13: ɗaya na Gary Scott, uku na Springsteen, tara na Parker. Kenny Tolbert ya yi aiki da Carr, daga baya ya koma wa Mees. Ricky Graham ya dawo a 1993 da RS750 ɗin da kamfani ya riga ya bari, Johnny Goad na haɗa masa, ya ci gasa 12, shida a jere, ya ɗauke kambu. Ba a banza sunayen nan ke bin kofuna ba.

Abin da muke yi tsakanin zagayen gwaji da gasa ƙanana ne a ido. Nakan je bakin kwana in soka sukudireba a ƙasa in ga zurfin danshi, in murza ƙasar a yatsa in ji ko tana dunƙulewa ko tana wargajewa. In na dawo sai a rage iskar taya kaɗan ko a ƙara, a canza faifan sarƙa na baya da haƙori ɗaya, a matso da tayar baya gaba don nauyi ya sauka a kanta ta ƙara kamu, ko a ja ta baya don babur ya natsu. Duk wannan bai yiwuwa sai mahayi ya iya faɗin abin da ya ji. Yaro yakan shigo ya cire hular kwano yana huci ya ce, "Oga, baburin nan ba shi da ƙarfi." Ni kuwa ina tsaye a fitar kwana na ji injinsa yana kuka sama, na ga ƙasar da yake watsawa ta fi ta kowa tsayi. Ƙarfi ya yi masa yawa ne, yana murɗa totur gaba ɗaya tun babur bai miƙe ba. Sau tari maganin shi ne a sa masa giya mai nauyi don injin ya yi sanyin hali, sai agogo ya nuna ya ƙara sauri alhali shi yana jin kamar ya rage. Gwani kuwa zai shigo ya ce maka gaba tana turewa a shigar kwana ta uku, baya tana sakin kamu in ya kai rabin totur. Wannan mutum a cikin yamma ɗaya zai mayar da matsakaicin babur mai kyau, don ya ba makaniki abin kamawa. Saboda haka wani kaso na abin da ake kira fifikon babur, asalinsa daga bakin mahayi ya fito.

Na sha ganin a ranar gwaji an yi musanya, mai sauri ya hau baburin mai baya, mai baya ya hau na mai sauri. A matakinmu na ƙananan gasanni, kusan kullum mai saurin nan shi ke ci gaba da zama a gaba, don tazarar gwaninta tsakanin mutane tana da faɗi ƙwarai. Amma ba zan ɗauki wannan in shafa wa babbar gasa ba. A can mutum goma na farko duk gwanaye ne, abin da ke raba su a zagaye ɗaya bai kai ƙiftawar ido ba, don haka ɗan fifikon inji da ba zai yi tasiri a wurinmu ba, a wurinsu shi ne bambancin na ɗaya da na takwas. Gwargwadon yadda gwaninta ta zo kusa da juna, gwargwadon yadda babur ke ƙara nauyi a sikeli. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa kashi kaza na mahayi ne, kashi kaza na inji. Ba abu ne da ake aunawa da mudu ɗaya ba, ya danganta da mataki, da fili, da yanayin ƙasar ranar.

Idan kuna so ku raba gardamar da idonku, ga abin da za ku duba a gasa ta gaba. Ku kwatanta mutum da waɗanda ke kan irin baburinsa, musamman abokin tawagarsa, kada ku kwatanta shi da fili gaba ɗaya. Ku duba inda yake samun tazara: in a ƙarshen miƙaƙƙen sashe yake wuce mutane ba tare da ya fake a bayan kowa ba, inji ne, in tun daga tsakiyar kwana baburinsa ke riga na kowa miƙewa, hannunsa ne da aikin makanikinsa. Ku lura da zagayen ƙarshe-ƙarshe, lokacin da taya ta yi zafi ta cinye, layin roba ya ƙara santsi: wa ya canza hanya ya nemo kamu a wani wuri, wa ya nace a inda ya saba yana ta zamewa? Sannan ku bi sakamakonsa a fili iri huɗun nan duka. Wanda ke cin manyan filaye kaɗai ya ɓace a gajeru, ku binciki baburinsa. Wanda ke hawa mumbarin masu nasara a Springfield da Lima da Peoria da gajeren fili a shekara guda, kamar yadda Mees ya riƙa yi, wannan ko an sauya masa babur za ku same shi a sahun gaba, matuƙar sabon baburin yana cikin waɗanda za su iya shiga sahun.